Yadda ake awon kwat ta namiji da ta mace, da yadda ake gane ta zauna a jiki

A Maraɗi kwat ba tufar kullum ba ce. Kaftani da babbar riga su ke da gari, mata kuma atamfa da leshi da hijabi. Amma akwai ranakun da ba makawa sai an sa ta: ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da zai kare kundinsa gaban malamai, ma'aikaciyar banki, wanda aka kira ganawar neman aiki a Yamai, ango da abokansa a liyafar dare. A irin waɗannan ranaku ne ake ganin abin tausayi. Wannan kafaɗa ta zubo masa har damtse, wancan hannun riga ya haɗiye yatsunsa, ga wata ta aro ta yayanta, maɓallin ƙirji na neman tsinkewa alhali kafaɗa ta yi mata yawa.

Ba laifin jikin kowa ba ne. Kaftani yana da yafiya, ko tela ya ƙara santimita biyar ba mai ganewa. Kwat kuwa kuskuren santimita biyu a kafaɗa daga nesa ake hango shi. Sannan ta namiji da ta mace ba a gina su bisa tushe ɗaya ba. Ta namiji daga kafaɗa take rataye, ta sauko kusan a miƙe. Ta mace dole ta bi tudun ƙirji, ta shiga a ƙugu, ta sake buɗewa a mazaunai. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Da farko, a fahimci lambar da ke cikin rigar

Lambar kwat ta maza awo ce ta gaske. A tsarin Faransa da Italiya da Jamus, rabin zagayen ƙirji ne da santimita. Mai ƙirji 100 lambarsa 50, mai 104 lambarsa 52, haka ake hawa da bibbiyu. A tsarin Ingila da Amurka, wanda telolin Katsina da Kano suka fi sabawa da shi, zagayen ƙirjin ne gaba ɗaya amma da inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka mai ƙirji 100 ɗin nan lambarsa 40. Hanya mai sauƙi: cire goma daga lambar Faransa, ka samu ta Ingila. 50 ita ce 40, 52 ita ce 42. Mu da kaya ke zuwa mana ta kowane ɓangare, dole mu riƙe lissafin biyu a ka.

Bayan lambar sau da yawa akwai harafi. S na gajere ne, R na matsakaici, L na dogo, kuma abin da suke canzawa shi ne tsawon jiki da na hannu, ba faɗi ba. Kayan Jamus suna da nasu salon da ke ruɗa mutane a wurin 'yan gwanjo. Idan ka ga 25, ba ta yara ba ce, 50 ce ta gajeren mutum. Idan ka ga 98, ba ta ƙato ba ce, 50 ce ta dogo siriri.

Wandon da ke zuwa tare da kwat shi ma da lissafinsa. A kayan Amurka an saba ƙugun wando ya gaza lambar kwat da inci shida, wato kwat 40 wandonta 34. Italiyawa kan rubuta tazarar a jikin takardar, 6 ko 7 ko 8. Kwat 50 mai tazara 6 ƙugun wandonta wajen santimita 88 ne, wato a cire 6 daga 50 a ninka biyu, mai 8 kuwa 84, ta marasa ciki ke nan. Wanda ya ajiye tumbi ya nemi 4 ko ƙasa da haka.

Lambar mata fa? Suna ce kawai, ba awo ba. Mace mai zagayen ƙirji wajen 86 zuwa 88 za ta ga an rubuta mata 38 a kayan Faransa, 36 a na Jamus, 42 a na Italiya, 10 a na Ingila, 6 a na Amurka. Jiki ɗaya, lambobi biyar. Ko a ƙasa ɗaya ma kamfanoni ba sa jituwa, wasu da gangan suke rage lambar don mai saye ta ji daɗi. Kayan Sin kuwa XL ɗinsu sau da yawa M ce a wani wuri. Saboda haka ke da za ki sayi kwat, kada ki ce wa mai kaya "ni 40 nake sawa". Ki tafi da awonki a rubuce, da tef a jaka.

Akwai alama ɗaya da ke raba gardama cikin daƙiƙa. Kwat ta maza ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, maɓallan suna hannun dama. Ta mata dama ce ke hawa kan hagu. A cikin dilar gwanjo duk a cakuɗe suke zuwa, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa maka ba.

Awon namiji

Ka sa shet marar kauri da wandon da ya yi maka daidai, ka fitar da waya da makullai daga aljihu. Kada a auna ka cikin kaftani. Wani ne zai auna ka, don wanda ya auna kansa kafaɗarsa a karkace take fitowa. Ka tsaya yadda ka saba tsayuwa. Maza da yawa da an ɗauko tef sai su banƙare ƙirji su haɗiye ciki, ranar sa riga kuma cikin ya dawo.

A fara da ƙirji: tef ya zagaya ƙarƙashin hammata, ya bi ta kan allon kafaɗa a baya, a kwance, da sararin yatsa ɗaya. Sai kafaɗa, daga ƙashin wannan gefe zuwa na wancan ta baya. Ga mai lamba 50 yakan kama 44 zuwa 46. Sai ciki, daidai cibiya, inda maɓallin sama zai zauna. Sai mazaunai a inda suka fi faɗi. Hannu daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin wuyan hannu, kuma a auna duka biyun, don ba kasafai suke zuwa ɗaya ba. Tsawon kwat daga gindin wuya ta baya zuwa inda mazaunai suka ƙare, wanda yakan yi kusan rabin tsawon mutum daga gindin wuya zuwa ƙasa.

A wando kuwa akwai wani abu da ya kamata a faɗa. Wandon kwat ba a kan kwankwaso yake zama ba kamar jins, sama yake hawa, kusa da cibiya. A nan za a auna ƙugu. Sannan cinya, da tsawon ƙafa ta ciki daga hantsa zuwa ƙasa, da takalmin da za a sa a ƙafa. Wanda aka auna da silifas, ranar da ya sa takalmi sau-ciki zai ga wandon ya ɗage.

Awon mace

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A garinmu mace da yawa ba za ta tsaya namiji ya zagaya ta da tef ba, kuma tana da gaskiya. Abin da ake yi sai a aika wa tela tsohuwar riga a ce ya duba, ko a auna ta a kan hijabi sama-sama. Rigar atamfa za a iya fitar da ita haka, kwat ba za ta fitu ba. Mafita ita ce mace 'yar'uwarki ta auna ki a ɗaki, ko tela mace, ko wata a gida da ta iya riƙe tef, a kai wa mai ɗinki lambobin a takarda.

Ki sa rigar maman da za ki riƙa sawa da kwat ɗin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don canza ta kaɗai yana iya ɗaga tudun ƙirji ko sauke shi da santimita biyu ko uku, ɗinkin ya tashi a banza. Sai a ɗaura siririn zare a ƙugu, inda jiki ya fi tsukewa, a bar shi nan har a gama, domin daga shi ake auna tsawo.

Zagaye huɗu ake ɗauka: saman ƙirji ƙarƙashin hammata, tudun ƙirji inda ya fi cika, ƙugu a kan zaren, da mazaunai inda suka fi faɗi, wanda yakan kasance wajen santimita 20 ƙasa da zaren. Na farkon nan mutane ba su san amfaninsa ba, alhali shi ke nuna girman ƙashin jiki. Mace mai cikar ƙirji idan aka zaɓa mata kwat da awon tudun kaɗai, kafaɗa da wuya da hammata duk sai su yi mata yawa. Daidai shi ne a yanka kafaɗa bisa awon sama, sannan a buɗa wa ƙirjin wuri a gaba.

Bayan zagaye sai awo uku da babu su sam a na maza. Daga gefen wuya zuwa kan tudun ƙirji. Tazarar da ke tsakanin tudun biyu. Sannan tsawon gaba daga gefen wuya, ta kan tudun, zuwa zaren ƙugu, a gwada shi da tsawon baya daga gindin wuya zuwa zaren. A jikin mace na gaba ya fi tsawo, kuma idan tela bai ƙara wannan bambancin ba, gaban kwat sai ya ɗage sama, bayanta ya zubo.

Da waɗannan lambobi ne ake sanya ɗinkin tsukewa, wanda teloli ke kira pens. A kwat ta maza ɗan siriri ne a gaba, daga aljihu zuwa ƙasan ƙirji. A ta mata shi ne ginshiƙin rigar, wani lokaci ma dogon ɗinki ne da ke tasowa daga kafaɗa ko hammata, ya bi ta kan ƙirji ya sauka har ƙasa. Bakinsa ya nufi tudun ƙirji amma ya tsaya kamar santimita biyu kafin ya kai. Idan ya hau kai, sai wurin ya yi tsini.

Ga misali. Mace mai ƙirji 96, ƙugu 78, mazaunai 110. A sama kwat ɗinta wajen 42 ce ta Faransa, amma a ƙasa sai ta hau lamba biyu kafin siket ko wando ya shige ta. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shi ya sa kwat da siket da aka haɗa a maratayi ɗaya da lamba ɗaya ba kasafai suke yi wa mace daidai ba. Namiji tazarar ƙugunsa da mazaunansa ba ta cika wuce santimita 15 ba, ta mace kuwa takan kai 25 ko 30. Ki sayi sama daban, ƙasa daban, ko ki sayi wanda ya shige mazaunai a rage miki ƙugu.

Sai maganar tsawo. Kwat ta maza doka ɗaya gare ta, ta rufe mazaunai. Ta mata tana iya tsayawa a ƙugu, ko a kan kwankwaso, ko ta sauka har cinya. Mata da yawa a nan sun fi son doguwar, da dogon siket har idon sawu, ga ɗankwali ko ƙaramin hijabi a sama. Yana da kyau ƙwarai, sai dai a kula da abu biyu. Doguwar kwat dole a auna ta da faɗin mazaunai, ba da ƙirji ba, in ba haka ba ƙasanta zai wage. Dogon siket miƙaƙƙe kuma yana buƙatar tsaga ko ninki a baya. Wadda ba ta son tsaga ta ce a buɗa shi daga gwiwa zuwa ƙasa, don ta iya taku da hawa adaidaita. Wadda za ta cusa hijabinta cikin kwat ta faɗa tun wurin awo, a bar masa wuri a wuya.

Idan a gwanjo za a saya

Ni a ganina kwat mai kyau ta gwanjo ta fi sabuwa ta roba mai sheƙi, nesa ba kusa ba. Amma a kasuwa ba ɗakin gwaji, ba madubi, ga rana. Don haka tef ne zai yi aikin. Ka sa maɓallin, ka shimfiɗa kwat ɗin a kan teburin mai kaya, ka lallatsa ta da tafin hannu ta kwanta, ka auna daga hammata zuwa hammata. Ninka biyu. Abin da ya fito ya kamata ya fi ƙirjinka da santimita 8 zuwa 12. Mai ƙirji 100 yana neman 54 zuwa 56 a kwance. Ga mace sararin ya ɗan fi ƙanƙanta, 6 zuwa 10. Sannan ka juya ta ka auna kafaɗa daga ɗinki zuwa ɗinki.

Mai kaya zai ce maka, "Alhaji, wannan kamar don kai aka ɗinka ta, tela zai ɗan kama maka kafaɗar kawai." Ka yi murmushi ka ajiye ta. Kafaɗa ita ce abin da ba ya kamuwa.

Kafin ka biya, ɗaga ta ka duba a rana ko asu ya huda. Duba hammata ta ciki, nan shafi ke fara yagewa. Shafa gaban da hannu, in ka ji ƙuraje-ƙuraje kamar kumfa a ƙarƙashin yadin, gam ɗin da aka manne ciki da shi ya saki, kuma ba guga da za ta mayar da shi. Leƙa cikin wando ta baya. Na maza yawanci ana barin rarar yadi a ɗinkin tsakiya, ana iya buɗa ƙugu da santimita uku ko huɗu. Na mata da wuya ka samu wannan rarar, don haka wanda ya matse ya matse ke nan.

Idan ɗinkawa za a yi

Ba kowane gwanin kaftani ne gwanin kwat ba, kuma ba raini a cikin wannan, sana'a ce daban. Ka ce ya nuna maka wadda ya ɗinka, ka duba kafaɗa da kwala da yadda hannu ya zauna. Yadi mai faɗin santimita 150, namiji matsakaici yana buƙatar mita 3 zuwa 3 da rabi na kwat da wando. Mace mai dogon siket ta sayi kusan haka ita ma. In daga Kantin Kwari aka sayo, a tuna can da yadi suke awo, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da 'yan kai, bai kai mita ba. Yadi uku bai cika mita biyu da kwata uku ba, ga dogon mutum wando zai gaza.

Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi ya wuce digiri 40, don haka a guji yadin roba. Ulu marar nauyi ya fi shi shan iska duk da sunansa, haka auduga da lilin, sai dai lilin akwai saurin yamutsewa. A ce wa tela ya yi rabin shafi, baya a buɗe. Baƙi wuluk kuma a lokacin hunturu kafin ka isa inda za ka ƙura ta mayar da shi ja. Toka-toka ko shuɗi mai duhu sun fi rufa asiri.

Ka nemi gwaji kafin a gama, lokacin da rigar ke harhaɗe da farin zare, ba a sa hannu da shafi ba tukuna. Namiji gwaji ɗaya kan isa. Mace ta nemi biyu.

Ranar gwaji

A sa shet da takalmin da za a fita da su. Abin dubawa na farko kafaɗa ce: ka jingina gefenka da bango a hankali. In soson kafaɗa ya riga damtsenka taɓa bangon har ya lanƙwashe, ta yi yawa. Sai kwala, ta kwanta a bayan wuya ba rata, kuma ba ninki a ƙarƙashinta. Sai a sa maɓalli. Mai maɓalli biyu na sama kaɗai namiji ke sawa, na ƙasa a buɗe ake barinsa, a zaune kuma a cire duka. Tafin hannu ya iya shiga tsakanin ƙirji da rigar. In yadin ya ja ya yi layuka huɗu daga maɓallin kamar alamar X, ta matse. Hannun kwat ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, shet ta leƙo da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Tsagar baya ta kwanta a rufe, in ta wage mazaunai sun fi ƙarfinta.

Ga mace duk wannan yana nan, da ƙari. Naɗin gaban kwat ya kwanta a kan ƙirji, kada ya yi baka ya tashi. Inda rigar ta fi tsukewa ya zo daidai da ƙugunki na gaske. In ya sauka ƙasa, za ki ga yadi ya taru a bayanki sama da kwankwaso, alamar an yanka ta da tsawon bayan namiji ko na wadda ta fi ki tsawo. Ki miƙa hannu gaba kamar mai rubutu a allo, ki ji ko baya na ja. Sannan ki zauna a kujera. Siket da wando a zaune suke faɗin gaskiya: ƙugu ya buɗe a baya, ko aljihun gefe ya wage, ko hantsa ta ja. Hantsar wandon mata ta baya ta fi ta maza tsawo da lanƙwasa, shi ya sa wandon maza ko ya shige ki ba zai zauna ba. Dokar maɓallin ƙasa ba ta ɗaure mata sosai ba, yawancin kwat ɗinsu an yanka su ne a rufe su duka.

In kin ga abin da bai yi ba, ki faɗa a wurin, kada kunya ta hana. "Malam, nan bayan ya taru, a ɗan ɗaga ƙugun." Tela na ƙwarai alli zai ɗauko ya yi alama. Wanda ya ce "Hajiya, guga ce za ta kwantar da shi", a sake nuna masa wurin, domin guga ba ta gyara yanka.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Rage ciki da ƙugun kwat abu ne mai sauƙi, har santimita huɗu ko biyar ba tare da siffar ta lalace ba. Rage tsawon hannu ma haka, sai fa in ramukan maɓallan hannun na gaske ne, a yanke suke, to nan sai dai a cire hannun a rage daga kafaɗa, aikin da ba kowa ke iyawa ba. Ƙugun wando da kalmasar ƙafa aikin rabin awa ne. Ƙara tsawon hannu ya dogara da rarar da aka naɗe ciki, kuma a tsohuwar kwat layin tsohon ninkin yakan bar tabo.

Tsawon kwat ba a rage shi fiye da santimita biyu, don aljihu zai sauko kusa da bakin rigar ya zama abin dariya. Kafaɗa, an riga an faɗa. Mayar da kwat ta maza ta zama ta mace kuwa, wanda ake yawan kawo wa teloli lokacin kare kundi, ba gyara ba ne, sabon ɗinki ne: a kwance hannu, a rage kafaɗa, a ɗaga hammata, a nemo wa ƙirji wurin da yadin bai da shi, ga ramukan maɓalli a ɓangaren da ba nata ba. Kuɗin wannan wahala in aka ɗan ƙara a kai ya sayi yadi mita uku.